Kyan Ɗa Ya Tuna Ubansa

A gidaje da yawa na ƙasar Kauru, da Lere, da Zangon Kataf, har ya zuwa Kafancan, akwai wani tsohon akwatin ƙarfe da akan tura ƙarƙashin gado, wanda yara suka tashi da sanin cewa ba a taɓa shi. In aka buɗe, abin da ke ciki bai taka kara ya karya ba ga wanda bai sani ba: lambobin girma biyu ko uku da suka dushe, ɗan littafin sallama daga aikin soja wanda gara ta ci gefensa, usur irin na ɗan sanda, da hoton wani saurayi cikin kaki da gajeren wando, ya ƙame kamar an dasa shi. Saurayin nan shi ne Baba. Ran da Allah ya yi masa cikawa jama'a kan taru, a yi addu'a a masallaci ko a majami'a, a ce ya yi soja, ya yi ɗan sanda, ya riƙe iyalinsa da amana. Duk gaskiya ne. Amma in wani ya tambaya a wace bataliya ya yi aiki, wane kogi ya ƙetare, wa ya faɗi a gefensa, sai 'ya'ya su dubi juna, kowa ya yi shiru.

To, akwai wani ɗan Kafancan da bai yarda shirun nan ya haɗiye ubansa ba. Shi ne Biyi Bandele, wanda aka haifa a garin ran 13 ga Oktoba, 1967. Iyayensa Yarabawa ne, irin mutanen da Kafancan ta tara daga ko'ina tun da ta zama mahaɗar jirgin ƙasa a ƙarshen shekarun 1920. Mahaifinsa yana cikin samarin Nijeriya da Ingila ta kwasa ta kai ƙasar Bama don su yaƙi Japan a Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffi suka fi sani da Yaƙin Hitila. Biyi ya tashi yana jin labarin dajin Bama daga bakin uban, bai kuwa bar shi ya bi iska ba. Ya yi karatun wasan kwaikwayo a jami'ar Ile-Ife, ya tafi Landan a 1990, ya yi suna wajen rubutu da shirya fim. Shi ne ma ya shirya fim ɗin Half of a Yellow Sun na 2013, kan yaƙin basasar Nijeriya.

A 2007 ya fitar da littafin da ya sa wa suna Burma Boy, watau Yaron Bama, ya sadaukar da shi ga mahaifinsa. Ƙagaggen labari ne, amma an ɗora shi a kan yaƙin da aka yi da gaske. Tauraronsa wani yaro ne, Ali Banana, ɗan shekara 14, almajirin maƙeri, wanda ya ƙara wa kansa shekaru don a ɗauke shi soja. Littafin da Turanci aka rubuta shi, amma cike yake da Hausar bariki, ga Farabiti, ga Samanja, ga Janar, domin kuwa Hausa ce ta daɗe tana haɗa sojan Nijeriya, ko daga wace ƙabila ya fito, har hafsoshin Turawa ma sai da suka koye ta. Biyi Bandele ya rasu a Ikko ran 7 ga Agusta, 2022, yana da shekara 54. Bai yi tsawon rai ba, amma ya tafi bayan ya sauke nauyin da dubban 'ya'yan mazan jiya har yanzu suke ɗauke da shi.

Ya kamata mai karatu ya san irin yaƙin da iyayen nan suka gani, don ya san nauyin abin da ke cikin akwatin. Da yaƙi ya ɓarke a 1939, aka shiga neman samari ta hannun sarakuna da hakimai da dagatai, Lardin Zazzau kuwa ba a bar shi a baya ba, tun da yake a Zariya sansanin horon kurata yake tun 1924. Wasu sun tafi don sha'awar kaki, wasu don kuɗi, wasu kuma dagaci ne ya nuna su da yatsa. Daga 1942, bayan Japan ta ƙwace Malaya da kuzarta, sai Turawa suka ƙaƙaba aikin tilas na haƙar kuza a Jos, wanda ya ci rayuka da yawa. Saurayin ƙauye na wannan zamani bai da zaɓi mai daɗi.

Kafin Bama sai da aka yi Habasha. A watan Fabrairu na 1941 sojojin Nijeriya suka shiga Mogadishu, suka fatattaki Italiyawa, sa'an nan suka nausa arewa har Harar. Bayan wannan aka kafa manyan rundunoni biyu na Afirka ta Yamma a 1943, ta 81 da ta 82, aka zuba su a jiragen ruwa aka yi Indiya da su, daga can sai Bama. Alamar runduna ta 81 gizo-gizo ce, wadda duk yaron da ya ji tatsuniya ya san ma'anarta. Ta 82 kuwa masu biyu ne gicciye a kan gammo. Gammon nan ba ado ba ne. A tsaunukan Arakan da kwarin kogin Kaladan babu hanyar mota, saboda haka dubban 'yan Afirka a ka suka ɗauki harsashi da abinci da sassan igwa, jiragen sama suna jefo musu guzuri daga bisa. Da hannunsu kuma suka sare daji suka yi hanyar ƙananan motoci mai tsawon fiye da mil 70.

Birged ɗaya ta 'yan Nijeriya zalla, mai bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12, aka cire ta aka haɗa da mayaƙan Janar Orde Wingate da ake kira Chindit, waɗanda akan sauke da jirgin sama a bayan abokan gaba. Wingate ya mutu a haɗarin jirgi ran 24 ga Maris, 1944, amma mutanensa suka ci gaba. A watan Afrilu na wannan shekara 'yan Nijeriya suna cikin waɗanda suka tsare sansanin da ake kira White City, Japanawa suna kawo hari dare bayan dare. Nan ne Biyi Bandele ya kai Ali Banana a littafinsa. A Janairun 1945 kuma rundunonin biyu suka haɗu suka ci garin Myohaung. In aka haɗa da na Afirka ta Gabas, kusan sojojin Afirka 100,000 ne suka yi yaƙin Bama. Turawan da suka yi yaƙi a can su da kansu sukan kira rundunarsu wadda aka manta da ita. To, in Bature ya ce an manta da shi, ina ga ɗan Geshere ko ɗan Damakasuwa?

Abin mamaki shi ne sunayen wuraren da aka gwabza ba su ɓata ba. Duk wanda ya san Kaduna ya san barikin Kalapanzin da na Dalet, wanda ya san Zariya ya san barikin Chindit, a Ikko ga Arakan, ga Myohaung, ga Dodan inda shugabannin ƙasa suka zauna shekara da shekaru, a Badun kuma ga Letmauk. Dukansu daga yaƙin Bama aka samo su, ko da yake da yawan masu wucewa ta ƙofarsu kullum ba su sani ba. Sunayen mutanen da suka zubar da jini a wuraren ne suka ɓata. Ɗaiɗai ne suka tsira, kamar Samanja Chari Maigumeri, wanda ya fara aikin soja da Jamusawa a Kamaru, ya koma rundunar Nijeriya, ya yi Habasha ya yi Bama, aka kuma sa wa barikin Lakwaja sunansa. Sauran sai dai a neme su a dutsen tunawa na maƙabartar Taukkyan, kusa da Rangun, inda aka zana sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba, cikinsu har da 'yan Nijeriya.

Ko waɗanda suka dawo da rai ba a saka musu daidai da wahalarsu ba. A 2019 aka tono wata takardar gwamnatin Ingila ta 1945 game da rundunonin Afirka ta Gabas, wadda ta nuna cewa kuɗin sallamar farabiti Bature sule goma ne a kan kowane wata da ya yi yana aiki, na baƙar fata kuwa sule uku da sisi. A watan Afrilu na 2021 hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi na ƙasashen renon Ingila ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, yawancinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba, har ministan tsaron Ingila ya ba da haƙuri a gaban majalisa. Darasin a fili yake. Wanda ya jira hukuma ta tuna masa da ubansa zai daɗe yana jira.

Japan ta miƙa wuya a watan Agusta na 1945, aka yi ta dawo da sojoji gida har cikin 1946. Nan ne rabi na biyu na rayuwar Baba ya fara. Mutumin da ya ga teku, ya ga Bombai, ya iya fareti, ya iya ɗan karatu da lissafi, da wuya ya koma ya zauna da fartanya kaɗai. Wasu suka shiga aikin reluwe a Kafancan, wasu suka zama masinjoji da direbobi da masu gadi, wasu da dama kuma suka sake sa kaki na biyu. A zamanin nan 'yan sanda iri biyu ne a Arewa. Akwai na Gwamnati, waɗanda aka haɗe na Kudu da na Arewa suka zama runduna ɗaya a 1930. Akwai kuma 'yan doka na En'e, waɗanda suka samo asali daga dogaran sarki, suna ƙarƙashin Wakilin Doka. Duka biyun suna son tsohon soja, domin ya riga ya horu, ya san umurni, ba ya bukatar a koya masa tsayuwa.

A nan ne tarihin ya yi ɗaci, kuma ba amfani a ɓoye. A kudancin Lardin Zazzau ɗan doka shi ne ke raka mai karɓar haraji da jangali, shi ke kamo wanda ya gudu, shi ke tsaye da kulki a ƙofar alƙali. Ƙabilu da yawa na wannan yanki suna kuka da mulkin hakiman da ake turo musu. A 1946, shekarar da sojoji ke dawowa, mutanen Atyap suka yi bore a gundumar Zangon Kataf, a 1957 da 1958 kuma hukumar Willink ta zagaya tana sauraron koken ƙananan ƙabilu. Sau da yawa ɗan dokan da aka aika ɗan ƙasa ne, wata sa'a ma ƙauyen kakanninsa aka aike shi. Yaya ya yi? Wani ya tsananta, wani ya kau da ido, wani ya aika a asirce a gaya wa mutum ya ɓuya kafin su iso. Amsar tana bakin tsofaffin da suka rage, ita ce kuwa ainihin tarihin da ba ya cikin takardun Razdan. Ɗan da ke son ubansa da gaske ba zai ji tsoron tambaya ba.

Bayan sojoji sun karɓi mulki a 1966 aka kafa kwamitin Gobir kan 'yan sanda da gidajen yari, a zamanin Janar Gowon kuma aka soke 'yan doka, aka shigar da waɗanda suka cancanta cikin 'yan sandan Nijeriya. Da yaƙin basasa ya tashi a 1967 aka sake kiran tsofaffin sojoji, wasu da furfura a ka suka koma suka horar da sabbin kurata. Samarin kudancin Kaduna kuwa sun shiga wannan yaƙi da yawan gaske, da aka gama a 1970 su ma wasunsu suka bi sawun iyayensu zuwa caji ofis. Saboda haka akwatin ƙarfen nan ba na tsara ɗaya ba ne. A wani gidan kaka ne ya yi Bama, uba ya yi Inugu da Onica, ɗa ya yi Laberiya ko Saliyo, jika kuma yana dajin Barno.

Yadda iyali suka san irin wannan uba ya bambanta da yadda gari ya san shi. A gida shi ne mai tashi tun kafin zakara ya yi cara, mai goge takalminsa har ya ga fuskarsa a ciki, wanda ba ya son a makara, ba ya son a yi ƙarya, wanda ya sayar da akuyarsa ya biya kuɗin makaranta domin ya ga da idonsa cewa mai ilmi ne ke ba da umurni. Amma kuma shi ne mai firgita cikin dare, wanda tsawa kan sa shi zabura, wanda kan yi kwana biyu bai ce uffan ba, wani ma ya faɗa shaye-shaye. A da sai a ce Bama ce ta taɓa shi, ko a ce iska ce. Yau likitoci sun san ciwon, sun san tsananin abin da ido ya gani ne ke barin miki a zuci, kuma yana da magani. Biyi Bandele bai ɓoye cewa mahaifinsa ya dawo da irin wannan miki ba, haka kuma bai mai da sojojin littafinsa waliyyai ba. Suna tsoro, suna faɗa, suna ba'a, suna kuka. Wannan gaskiyar ce ta sa mai karatu ke ƙaunarsu. Yabon da babu ko ɗigon aibu a ciki na ranar jana'iza ne, ba ya kwana.

Gwamnati tana da nata kason da ba za a yafe mata ba. Kowace shekara ran 15 ga Janairu ana tunawa da mazan jiya, a ajiye furanni, a saki tattabaru. A 2025 kuma aka fara bikin ranar 'yan sanda ta ƙasa, ran 7 ga Afrilu. Duk da kyau. Amma a watan Yuli na wannan shekara ta 2025 tsofaffin 'yan sanda suka fito zanga-zanga a Abuja suna neman a fitar da su daga tsarin fansho na karo-karo da aka kafa a 2004, wanda tuni aka fitar da sojoji daga cikinsa, suna cewa abin da ake ba su ba ya riƙe gida. Dattijon da ya yi shekara 35 yana tsaron dukiyar mutane bai kamata ya ƙare yana tsaye a rana da kwali a hannu ba. Girmama matattu ba ya da wuya. Abin da ke nuna halin ƙasa shi ne yadda ta riƙe waɗanda ke da sauran numfashi.

Sai dai akwai aikin da babu mai yi sai iyali, lokaci kuwa ya ƙure. Wanda ya shiga soja a 1943 yana ɗan shekara 18 ya cika ɗari a 2025, watau mutanen Bama kusan duk sun tafi. Wanda ya shiga yaƙin basasa yana ɗan ashirin yanzu ya doshi tamanin. Waɗannan, da matansu, da gwaurayen da mazan Bama suka bari, su ne rumbun da ya rage. Abin da Biyi ya yi da alƙalami, yau kowane yaro zai iya yi da wayar da ke aljihunsa. A zauna da tsoho bayan sallar isha'i ko bayan an taso sujada, a kunna waya, a bar shi ya yi magana da harshen da ya ga dama, ko Hausa, ko Kurama, ko Cawai, ko Tyap, ko Jju. A tambaye shi wa ya ɗauke shi aiki, a ina aka horar da shi, su wa ye abokansa, me ya fi ba shi tsoro, wane aiki ne aka sa shi wanda har yau yake cizon yatsa a kansa. In ya yi shiru kada a matsa, a dawo gobe.

Kayan akwatin ma suna magana ga wanda ya iya saurare. Lamba mai siffar tauraro da ƙyalle shuɗi, ja a tsakiya da ratsin ruwan lemo, ta Bama ce. Mai ƙyalle ruwan yashi da ja a tsakiya kuwa ta yaƙin Afirka ce, har da Habasha. Yawancin lambobin da Ingila ta raba a wannan yaƙi babu sunan mai su a jiki, don haka littafin sallama ya fi su daraja, domin a ciki ne lambar soja take, wadda ga ɗan Nijeriya kan fara da haruffan NA. A ɗauki hotonsa shafi-shafi tun gara ba ta ƙarasa shi ba. Wanda kakansa ya tafi bai dawo ba, yana iya neman sunansa a shafin intanet na hukumar kaburburan yaƙin da aka ambata, amma ya tuna cewa sojoji da yawa an rubuta su da sunan gari ko na ƙabila a maimakon na uba, wasu ma da sunan Hausa da ba shi aka raɗa musu ba. A Kaduna kuma ga Gidan Ajiye Takardun Tarihi na Ƙasa, ga Gidan Arewa, inda ɗalibi mai himma zai tarar da takardun Lardin Zazzau da na En'e.

Ƙananan hukumomi irin su Kauru da Jama'a, da masarautu, da ƙungiyar 'yan mazan jiya, su ma suna iya taimakawa ba tare da kashe wani kuɗin kirki ba. Littafi ɗaya a fadar kowane hakimi, a rubuta sunan duk wanda ya yi soja ko ɗan doka ko ɗan sanda daga gundumar, da ƙauyensa, da shekarunsa na aiki, ya isa a fara. Malaman makarantun sakandare su aika yara gida su rubuto labarin kakanninsu. Wanda ya duba irin wannan littafi zai ga sunan Musulmi da na Kirista da na mai bin addinin gargajiya a layi ɗaya, a bataliya ɗaya. A ƙasar da ta ga tashin hankalin Kafancan na 1987, da na Zangon Kataf na 1992, da kashe-kashen da suka biyo baya, ba ƙaramin abu ba ne matasa su san cewa kakanninsu sun taɓa shan ruwa a gora ɗaya cikin rami ɗaya. Da tsohuwar zuma ake magani.

Hausawa suka ce kyan ɗa ya gaji ubansa. Ba kowa ne zai gaji kaki ba, ba kowa ne kuma zai rubuta littafin da za a karanta a Landan ba. Amma duk wanda Baba ya goya, ya ciyar, ya kai makaranta da ɗan albashin kurtu, yana iya jawo akwatin nan daga ƙarƙashin gado ya tara 'ya'yansa ya ce musu ga sunan kakanku, ga lambarsa, ga inda ya je, ga abin da ya sha. Allah ya jiƙan mazan jiya da suka riga gidan gaskiya, waɗanda suka rage kuma Allah ya ba su 'ya'ya masu tambaya tun bakin yana iya amsawa, amin.